Kokwamba ta yi yaushi, Auta ya ƙara mata ruwa

YAYA: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Duk wanda ke zauren WhatsApp ɗinmu ya ga hotunan. Tun ranar Talata ake turo mana kokwamba ta kwanta, daga Rigasa, daga Kawo, har da wata baiwar Allah a Barnawa, duk a nan Kaduna. Kuma cikin masu turowar akwai wanda ke zaune a nan.

AUTA: Haba Yaya, ai mun yi da ke ba za ki tona ni ba.

YAYA: Ni na kira suna? Kai ka amsa.

KAWU: Gawa nawa aka samu, Auta?

AUTA: Buhu 20 na shuka a bayan gida, Kawu. Saura 6.

KAWU: Allah ya jiƙan na ƙasa. Sau nawa kake ba su ruwa?

AUTA: Safe, rana da yamma. Da na ga sun fara yaushi sai na ƙara da na dare.

KAWU: Sau huɗu! Kafin cin abinci ko bayan cin abinci?

YAYA: Likita ne ya rubuta masa.

KAWU: Saura ƙarin jini. Da ka faɗa mana da mun zo dubiya da lemo da ayaba.

AUTA: Ku dai ku yi ta yi.

YAYA: An ba su gado ko a ƙasa suka kwana?

KAWU: Ai kin ji a buhu aka kwantar da su. To, mu bar wasa. Abin da yaron nan ya yi shi kowa ke yi. Mutum ya ga ganye ya langaɓe, sai ya ɗauko bokiti. Alhali saiwa numfashi take yi kamar ni da kai. In ƙasa ta cika da ruwa ba iska, saiwar ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya jan ruwa. Shi ya sa wadda ƙishi ya kama da wadda ruwa ya ci, in ka dube su daga sama kamanninsu ɗaya. Ka huda gindin buhunan ma kuwa?

AUTA: Na ce kada ruwan ya riƙa zubewa a banza.

KAWU: Kin ji ko. Tafki ya gina musu.

YAYA: To Kawu, ya mutum zai bambance?

KAWU: Da farko ki duba lokaci. A zafin Maris da Afrilu, ki je lambu bayan azahar za ki tarar da kokwamba ta sunkuya ko da ƙasa na da danshi, don ganyenta faɗi gare shi, ruwa na fita da sauri fiye da yadda saiwa ke kawowa. In ta miƙe bayan la'asar, lafiyarta lau, ki shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa a gindi ki tafi abinki. Wadda za ta tayar miki da hankali ita ce wadda kika tarar a kwance da sassafe. Nan sai ki tura yatsa cikin ƙasa. In ya fito a bushe, ƙishi ne. In ya fito da laka, ki ajiye bokitin nan ki tumɓuke guda ɗaya.

AUTA: A tumɓuke? Kawu ka san kuɗin irin nan kuwa?

KAWU: Na sani, ni ma saye nake. Amma gara ka yi asarar ɗaya ka san abin da ke cin sauran. Mutanenmu sun fi son su ruga kasuwa su ce a ba su maganin kokwamba, mai shago kuma ba zai ce babu ba. Ka dubi wuyan tsiron, daidai inda ya haɗu da ƙasa. In ya sirance, ya yi ruwa-ruwa, ya yi duhu kamar an matse shi da farce, to funfunar ƙasa ce, kuma a makonni biyu zuwa uku na farko ta fi yin ɓarna. Wanda ya faɗi ya faɗi, ba ya tashi. Ka kwashe shi har da ƙasar gindinsa ka fitar. Sauran ka rage musu ruwa, da safe kawai, kuma kada ya kwanta a wuya. A lambu shi ya sa muke shuka a kan kunya, ruwa ya bi kwari. In abin na yaɗuwa akwai maganin funfuna Ridomil Gold, a dama yadda aka rubuta a jikin ledar a zuba a gindi. Irin da ka ajiye da kanka kuma, ka cuɗa shi da maganin iri Apron Star kafin shuka. Na gwangwani yawanci da maganinsa yake zuwa, shi ne launin nan da kake gani a jiki.

YAYA: Ni fa duk wahalar nan ce ta sa nake cewa gurji ya fi rufin asiri.

KAWU: Yauwa 'yar albarka! Gurji da garin ƙuli, a barbaɗa ɗan yaji. Mu da shi muka tashi. Ita kokwamba sai an haɗa ta da kabeji da karas da bama kafin ta san inda ta dosa.

AUTA: Amma da azumi wa ke neman gurji? Kowa salak.

KAWU: Ku 'yan birni.

YAYA: Kawu, wa ya cinye salak ɗin bikin nan har ya nemi ƙari?

KAWU: Ƙwan da ke ciki na bi.

AUTA: Da ƙwai kaɗai ka ci da ba a wanke farantin da harshe ba.

KAWU: Yaro, wanda ya kashe buhu 14 ba shi da bakin magana. Ina muka tsaya? Saiwa. Wanda ya turo daga bakin kogin Kaduna, da ya ce wuyan lafiya lau amma tsiron ya ƙi girma, kullum a langaɓe, ya wanke saiwar ya duba. In ya ga ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan carbi, tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani. Kada ya ce ai gyaɗa da wake ma suna da irinsu. Nasu na alheri ne, kokwamba ba ta da wannan. Fadamar da ake maimaita tumatir da kuɓewa shekara da shekaru ta fi tara ta. Feshin ganye ba ya kai mata. Sai dai a huta da kayan lambu a wurin a sa masara ko dawa, ko a jiƙa ƙasar a lulluɓe ta da farar leda mai shara-shara mako 4 zuwa 6 a tsakiyar bazara, rana ta dafa ta.

AUTA: Ni a YouTube na ga ana yanka karan, a haɗa, a ja a hankali, wai in wani zare mai yauƙi ya fito...

KAWU: Wannan ciwon a Amurka ya fi yawa, wani ƙwaro mai zane a baya ke yaɗa shi. Ka gwada ba laifi. Amma tunda wuƙa na hannunka, ka tsaga karan a tsaye. In cikin ya yi ruwan ƙasa maimakon fari, wata funfunar ce ta toshe hanyar ruwa, ba ta da magani, kuma kada ka bi wurin da kankana ko kabewa, dangi ɗaya ne. In abin ya shige maka duhu, ka sa tsiron da ƙasarsa a leda ka kai wa malamin gona, ko ka hau mota zuwa cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya ba nisa.

YAYA: Saura maganar taki, mutum uku sun tambaya.

KAWU: Yuriya a jikin kara ƙuna ce, a ba ta tazara kamar faɗin tafin hannu, kuma a bari tsiro ya yi ƙwari. Ɗanyen kashin kaji ma haka, sai ya daɗe a ajiye ya ruɓe ya huce. Sannan wanda ya yi feshi da famfon da aka sa maganin ciyawa bai wanke ba...

YAYA: Kawu, an kira magariba. Mun ce za mu jero matakan ɗaya bayan ɗaya.

KAWU: A tura a zaure. Auta, je ka huda buhunan nan kafin ka yi alwala.

AUTA: Yau a ba su ruwa ko a bari?

YAYA: Kashe abin nan don Allah.