Darasin Turanci Daga Bakin 'Yan Fashin Teku

Assalamu alaikum. Malamai 'yan'uwana, na san akwai wanda ya ji taken wannan lacca ya yamutsa fuska, yana tambayar kansa me ya haɗa tarbiyyar yara da ɓarayi. Tambayar tana kan hanya, domin ɗan fashin teku ɓarawo ne kuma sau da yawa mai kisan kai, kuma ba wanda ya ce a ɗora shi a matsayin abin koyi. Amfaninsa a aji ya samo asali ne daga wannan aibin nasa: mutum ne da ba a yarda da maganarsa sai an auna ta da aikinsa, kuma ɗalibin da aka tilasta wa yin wannan awon ya fara tunani ke nan, ko da kalmomin Turancinsa ba su da yawa.

Ku ɗauki Long John Silver na littafin Treasure Island, wanda Robert Louis Stevenson ya fitar a 1883. An ɗauke shi aiki a matsayin mai dafa abinci a jirgi, mai fara'a da daɗin baki, har yaron nan Jim Hawkins ya saki jiki da shi, sai ranar da yaron ya ɓuya a cikin gangar tuffa ya ji shi yana ƙulla yadda za a ƙwace jirgin. Malami zai iya tambayar launin rigar Silver ko sunan akunsa, ya sami amsa daidai, amma bai motsa komai a kwanyar ɗalibi ba. Idan kuwa ya ce, a wane lokaci ya kamata Jim ya fara zargin mutumin nan, kuma da wace hujja, to ɗalibi ba shi da mafita sai ya nemo kalmomin because da although da if. Waɗannan su ne ƙashin bayan kafa hujja a Turanci, kuma sun fi zama a kai idan buƙatar faɗin wani abu ce ta sa aka nemo su. Rabe-raben manufofin koyo da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka wallafa a 1956 ya sa haddar bayani a matakin ƙasa, ya sa tantancewa da yanke hukunci a sama, kuma labarin maƙaryaci yana hawa da ɗalibi wannan tsani ba tare da ya lura ba.

Taswirar inda aka binne dukiya kuwa aikinta a aji a fili yake: gabas da yamma, ƙirga taku, umarni da bin umarni.

Inda na fi so mu daɗe shi ne rabon ganima. Akwai wani sanannen wasan ƙwaƙwalwa da zan taƙaita zuwa mutum uku. 'Yan fashi uku suna da tsabar zinariya 100. Babbansu ne zai kawo shawarar rabo, a kaɗa ƙuri'a har da tasa, idan ya sami rabin ƙuri'u ko fiye shawararsa ta zauna, idan bai samu ba a jefa shi teku, na biyu ya kawo tasa. Yawancin ɗalibai za su ce babban ya raba daidai don ya tsira da ransa. Amma ku sa su fara daga ƙarshe. Idan mutum biyu suka rage, ƙuri'ar na biyu kaɗai ta kai rabi, saboda haka zai kwashe duka, ƙaramin ya tashi hannu wofi. Tunda ƙaramin ya san haka, tsaba ɗaya tak daga hannun babban ta fiye masa. Amsar ita ce 99 ga babba, na biyu ba komai, ɗaya ga ƙarami. Babu yadda ɗalibi zai bayyana wannan sai da jimlolin sharaɗi, wato ɗaya daga cikin darussan nahawun da ke ba masu koyo wuya, kuma ga shi yana furta su yana gardama da abokinsa. Kada a tsaya nan. A tambaye su ko rabon ya yi adalci, a kwatanta shi da dokokin jirgin shahararren ɗan fashin teku Bartholomew Roberts, waɗanda suka ba kowane mutum ƙuri'a, suka kuma ba kyaftin kashi biyu kawai.

Tarihi ma yana ba da dama a raba gaskiya da ƙirƙira. Binne dukiya ba al'adar 'yan fashi ba ce. William Kidd, wanda ya binne wani kaso a tsibirin Gardiner kusa da Niyok a 1699, yana cikin ƙalilan da aka tabbatar sun yi haka, kuma an rataye shi a Landan a 1701. A ba ɗalibai jimloli su ware wadda ke da shaida da wadda marubuta suka ƙaga.

Gargaɗina ɗaya ne, kuma a kan lafazi yake. Irin maganar da aka saba ji daga bakin 'yan fashin fim ta yaɗu ne daga ɗan wasa Robert Newton, wanda ya fito a matsayin Silver a 1950 da karin harshen kudu maso yammacin Ingila. A can za ka ji me a gurbin my, da be a gurbin is. Wanda ya riga ya ƙware zai yi dariya ya wuce, amma mai koyo zai haddace shi ya kai ɗakin jarrabawa. Saboda haka, a matakin farko, ku bar ɗan fashinku ya yi ƙarya yadda ya ga dama, amma da ingantaccen Turanci.