Sharhi: Abin da gawa ke faɗa a mutuwar rashin iska

Masu saurare, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi wata irin mutuwa da muka saba jin labarinta a nan Maraɗi da ƙauyukan kewaye, musamman idan ɗari ya kankama ko damina ta cika tafkuna: a wayi gari a tarar da mutum ba rai, babu rauni, babu jini, babu wata jinya da aka san shi da ita. Kafin azahar an yi masa sutura, kafin la'asar kuma gari ya rabu biyu, wasu na cewa iskoki ne suka taɓa shi, wasu na raɗa cewa shaƙe shi aka yi. Akwai fannin likitanci da aikinsa ke nan, wato likitancin shari'a, wanda ke binciken gawa domin ya gaya wa alƙali da dangi abin da ya yi ajalin mamaci, kuma fahimtar da masana fannin suka kai game da mutuwar rashin iska ta cancanci mu kasa kunne.

Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ce, kuma ƙwaƙwalwa, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na oksijin ɗin da jiki ke amfani da ita. Idan ta yanke mata na minti 4 zuwa 6, ɓarnar da ba ta gyaruwa ta fara. Hanyoyin yankewar kuwa sun bambanta ƙwarai, domin wani wurin da ya shiga ne babu oksijin a ciki, wani loma ce ta tsaya masa a maƙogwaro, wani ƙasa ko cunkoson jama'a ne ya danne masa ƙirji har ya kasa ja da numfashi, wani wuya aka matse masa, wani kuma guba ce ta hana jininsa ɗaukar iskar ko da huhunsa na aiki. Sunansu ɗaya a baki, amma abin da kowace ke bari a jiki daban ne.

A tsakiyar ƙarni na 19, wani likitan shari'a na birnin Faris mai suna Ambroise Tardieu ya yi bayanin wasu ɗigo-ɗigon jini, ƙanana kamar ƙwayar gero, da yake gani a jikin huhu da zuciyar mamata, ya kuma ɗauka cewa su ne tabbatacciyar shaidar toshe numfashi. Likitoci sun daɗe a kan wannan, suka haɗa da wasu alamu, irin su cikar fuska da jini, da rinewar leɓe da farce, da tsinkewar jini, da kumburin ɓangaren dama na zuciya. Daga baya bincike ya nuna cewa duk waɗannan ana samun su a gawar wanda ciwon zuciya ya kashe, ko wanda farfaɗiya ta kayar, kai har gawar da ta kwana rub da ciki tana iya fitar da ɗigon jini a fuska bayan rai ya fita, saboda jini na gangarawa ne ya kwanta a ɓangaren da ke ƙasa. A shekarar 1974 likitan Amurka Lester Adelson ya bayyana alamun nan biyar a matsayin hujjar da zamani ya wuce. Wannan, a ganina, shi ne babban ci gaban da fannin ya samu, domin ya yarda ya ajiye abin da ya daɗe yana taƙama da shi, ya koma yana haɗa abin da ya gani a jiki da yanayin wurin da aka tsinci gawa, da tarihin lafiyar mamaci, da sakamakon gwajin jini, kafin ya buɗe baki.

Ku dubi nauyin wannan magana a cikin gidajenmu. Jariri ya kwanta lafiya kusa da uwarsa, da asuba a tarar ya cika, nan take ido ya koma kan kishiya ko kan uwar kanta. Likitocin shari'a sun amince cewa binciken gawa kaɗai sau da yawa ba ya iya raba tsakanin jaririn da bargo ya rufe wa fuska, da wanda aka danne cikin barci ba da gangan ba, da wanda ya yi mutuwar fuju'a irin ta jarirai. To idan wanda ya yi shekaru yana karatun abin, ga kayan aiki a hannunsa, yana taka-tsantsan haka, da wace hujja mai zaman makoki zai yanke hukunci daga kallon leɓe? Haka nan a ɗaya gefen, akwai wani ɗan ƙashi a saman maƙogwaro mai siffar kofaton doki, wanda karyewarsa ke nuna an matse wuya, amma ba a kowace shaƙewa yake karyewa ba, musamman ga yara da matasa da ƙashinsu bai gama ƙwari ba. Saboda haka wuya mai kyan gani ba ya wanke mai laifi, kamar yadda baƙin leɓe ba ya kama marar laifi.

Inda fannin ke magana da ƙarfin gwiwa shi ne batun hayaƙin gawayi. Idan aka shigar da kaskon wuta ɗaki aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi, ko aka tayar da janareta a zaure ko shago bayan an ɗauke wuta, iskar kabon monoksaid na taruwa, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 ko fiye. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka masassara ce, ya koma ya kwanta. Jinin wanda ta kashe da naman jikinsa sukan yi ja jawur, abin da a baƙar fata aka fi gani a farce da cikin leɓe, kuma gwajin jini na iya auna adadinta. Duk lokacin da aka tarar da mutane biyu ko uku na ɗaki ɗaya sun mutu tare, ko ɗaya ya mutu sauran na amai, wannan ce tuhuma ta farko, kuma gane ta da wuri shi ke ceton waɗanda za su sake kwana a ɗakin.

Jiharmu ta ɗanɗana ɗacin wasu nau'o'in a watan Nuwamban 2021, kwana ɗaya tsakani, lokacin da ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman kusa da Ɗan Isa ya hallaka aƙalla mutum 18, washegari kuma gobara ta cinye azuzuwan zana a nan cikin gari ta tafi da yara fiye da 20. Wanda ƙasa ta danne, ƙirjinsa ne ke kasa motsi. A gobara kuwa hayaƙi kan riga harshen wuta kisa, kuma baƙin toka a cikin maƙogwaro da kabon monoksaid a jini su ne ke nuna wa likita cewa mutum na numfashi sa'ad da wuta ta tashi, rashinsu kuma na iya tona asirin wanda ya kashe mutum sannan ya cinna wa ɗaki wuta domin ɓad da sawu. Ga kuma rijiya da masai, inda mai yasa zai sauka ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi ya yi shiru, na uku ma haka, jama'a su ce rijiyar na da mutanen ɓoye, alhali iskar ƙasan ce ta lalace, ko injin jan ruwa da aka saukar ciki ya cika ta da hayaƙi.

Nutsewa ma ba ta da hatimi guda. Gawar da aka ciro daga Gulbin Maraɗi ko tafkin Madarunfa na iya nuna kumfa a hanci da baki da kumburarren huhu, amma alamun na gushewa idan ta daɗe a ruwa, don haka likita sai ya fara kawar da sauran dalilai, ya tabbatar ba jefa ta aka yi bayan mutuwa ba.

Na san abin da ke zukatan da yawa daga cikinmu, wato umarnin gaggauta jana'iza da darajar da Musulunci ya ba gawa, kuma wannan gaskiya ne da ba mai ja. Sai dai majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, a zamanta na Makka a 1987, ta halatta binciken gawa idan alƙali na buƙatarsa domin gano musabbabin mutuwa a shari'ar laifi, da sharaɗin a tsaya iya larura, a kuma binne dukan sassan jiki. Mafi yawan abin da ake nema ma bai kai ga yanka ba. Idan mutuwa ta zo da shakku, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da masu sauran numfashi zuwa likita, a sanar da 'yan sanda ko jandarma, su kuma su sanar da mai gabatar da ƙara na gwamnati, wanda ke da ikon neman likita ya duba. Kada a yi wa mamaci wanka, kada a share ɗaki, kada a kwance ƙullin igiya ko a kawar da kasko, kuma wanda ya fara shiga ya riƙe yadda ya tarar da gawar a kwance, domin tambayar farko da likita zai yi ke nan. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana yaye likitoci a nan Maraɗi, kuma fatanmu shi ne a samu daga cikinsu waɗanda za su ƙware a wannan fanni, a kuma tanadar musu ɗakin gwajin da zai auna kabon monoksaid a jini cikin 'yan sa'o'i, yadda dangi za su samu amsa tun kafin a ɗauki makara.