Ɗan kunnen shanu mai na'ura: me yake iyawa, me ba ya iyawa?

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan ɗan kewayayyen roban da kuke gani a tafin hannu shi ne ɗan kunnen shanu mai na'ura da ake ta maganarsa. Ana cewa wai da zarar an maƙala wa saniya shi, ko cikin dajin Sububu aka kora ta, mai ita zai duba waya ya ga inda take kwance. Ba haka ba ne, kuma gara a faɗa tun yanzu kafin wani ya kashe kuɗinsa da wannan tsammani.

Bari mu fasa shi ku gani. Ga siririyar wayar tagulla an nannaɗe ta, ga wani ɗan mitsitsin guntu a jikinta. Shi ke nan. Babu batir, babu layin waya, ba a yi masa caji. Lamba ɗaya ce tak a cikinsa mai alƙaluma 15, ukun farko na nuna ƙasa ko kamfanin da ya ƙera shi. Ta Najeriya 566 ce, ta Amurka 840. Shiru yake yi har sai an matso da sandar karantawa kusa da kunnen, tazarar kamu ɗaya ko biyu. Sandar ce ke ba shi ƙarfi ta zangon rediyo, ya mayar mata da lambarsa, ta yi ƙara, lambar ta fito a allo. Da yake zango ɗaya duniya ta amince da shi, kilohaz 134.2, sandar wannan kamfani na iya karanta ɗan kunnen wancan.

Ku ɗauke shi kamar lambar mota. Lamba ba ta faɗa maka inda motarka take, amma in an tare ta a shinge aka duba rajista, za a san ta wane ce. Mai nuna wuri daban yake, abin wuya ne mai batir, ga tsada, yawancinsu kuma sai da sabis. Mu da aka taɓa yanke wa sabis makonni a Zamfara a 2021, mun san iyakar dogaro da wannan.

Saboda haka aikin duk yana cikin rajista. A ce an haifi ɗan maraƙi bakolo a wata ruga ta wajen Maradun. Malamin dabbobi ya saka masa ɗan kunne, ya rubuta sunan mai shi, launinsa, uwarsa, da allurar da aka yi masa. Ya zama bijimi, aka kai shi kara a Talata Mafara. Dillali ya haɗa ciniki, kafin ya karɓi la'adarsa aka ɗora sanda, aka juya sunan zuwa na falke. Aka loda shi a tirela, aka sake karantawa. Ya sauka mayankar Oko-Oba a Legas, likita ya buɗe ƙirji ya tarar da ciwon huhu. A yau, nan maganar ke mutuwa, don ba wanda ya san garken da ya fito. Da lamba kuwa, a rana ɗaya za a bi sawu a koma Maradun, a yi wa garkunan da ke shan mashaya ɗaya rigakafi kafin cutar ta bazu.

Yi wa kunne alama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowane gidan Fulani na da tsagarsa, kuma dattawa na tuna yaƙi da bushiya da aka fara a 1962, lokacin da duk saniyar da aka yi wa allura sai an huda mata kunne. Turawa ma wuya ce ta koya musu: bayan tashin hankalin cutar haukar shanu a Ingila a 1996 Turai ta tsananta bin sawun kowace saniya. Botswana kuwa ta rungumi tsarin ne don kada ta rasa kasuwar namanta a Turai.

To, mu zo kan tambayar da ke bakin kowane Bazamfare. Ɓarawo ba zai sa wuƙa ya yanke kunnen ba? Zai yanke mana, ko minti ɗaya ba zai ɗauke shi ba. Amma ɓarawon shanu ba don ya yi kiwo yake sata ba, kuɗi yake nema, kuma kuɗin a kara suke. Ku tuna Satumbar 2021, da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako ta hana fitar da dabbobi daga jiha. An yi haka ne don daƙile 'yan bindiga, kuma da yake babu hanyar bambance saniyar sata da ta halak, sai aka haɗa da mai gaskiya da ɓarawo aka rufe musu ƙofa. Da a ce a Shinkafi, Kasuwar Daji da Tsafe akwai sanda a ƙofar kara, sarkin fawa kuma ba ya bari a yanka marar lamba, da mai yankakken kunne ta zama kayan da ba su da mai saye. A ganina nan ne duk amfanin abin yake. In kuwa kasuwa goma suka yi aka bar ɗaya, ɓarawo zai kora zuwa ta goma sha ɗaya, ko ya tsallaka Nijar. Akwai kuma na haɗiya, wani dunƙulen tangaran da ke zama a cikin tumbi har ranar yanka, wuƙa ba ta kai gare shi; da shi Botswana ta fara kafin ta koma na kunne.

Makiyayin da ya noƙe kuma, kada a ce duhun kai ne. Kakanninsa sun san me ƙidayar shanu ta jawo musu zamanin jangali. Yau abin ya fi haka: rajistar da ta nuna Alhaji wane na da shanu ɗari biyu a ruga kaza, in ta faɗa hannun infoma, ta zama jerin sunayen waɗanda za a ɗauka. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya da aka kafa a Yulin 2024, da duk jihar da za ta shiga harkar, sai sun zauna da arɗaɗe sun faɗa musu wa ke riƙe da rajistar, wa ke da izinin buɗe ta, kuma wa zai biya kuɗin ɗan kunnen.

Wajen sakawa, ku dubi hannun malamin nan. Ya goge kunnen da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya nemi tsakiya, tsakanin jijiyoyin guringuntsi biyu, ya kauce wa hanyar jini, sannan ya matse filaya sau ɗaya. In ya yi can bakin kunne, ƙaya za ta fizge shi a kiwo. In ya matsa gindi da yawa, wurin zai kumbura ya yi gyambo. Duk da haka wasu za su faɗi, daji ne. Wadda nata ya faɗi, a sanar da malamin dabbobi da wuri, da shaidar arɗo, a saka sabo a haɗa shi da tsohuwar lamba a rajista, kada ranar kasuwa a tsare mutum da saniyarsa ta gado a ce ta sata ce.