Sharhi: An ce mu sake sayen hannun jarin bankuna, to su wa ke zaune a kujerun daraktoci?

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Tun watan Maris na 2024 da Babban Bankin Najeriya CBN ya ce kowane banki ya ƙara jarinsa, mai hulɗa da ƙasashen waje ya kai naira biliyan 500, na cikin ƙasa biliyan 200, na shiyya biliyan 50, sai talla ta dawo ta ko'ina, a rediyo a waya a Facebook, wai zo ka sayi hannun jari kai ma ka zama mai banki. Duk wanda ya ɗan kwana biyu a duniya ya san ba yau ya fara jin wannan kiɗan ba.

A 2004 ne Charles Soludo yana gwamnan CBN ya ce jarin banki ya tashi daga biliyan 2 zuwa biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25, kuma kuɗin nan da yawansu daga aljihun talakawa suka fito, malaman makaranta da ƴan fansho da ƴan kasuwa, kowa ya cike fom ya karɓi satifiket ya adana a ƙasan akwati. Farashi ya yi ta hawa har ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura maki dubu 66 a Maris na 2008, bayan shekara ɗaya kacal ya faɗo wajen dubu 20. Ashe wasu bankunan su ne ke ba mutane bashi su zo su sayi hannun jarin bankin da kansa don farashi ya tashi, wato dai kuɗin masu ajiya ne ke zagayawa ana cewa kasuwa ta yi kyau.

Ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan CBN na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank, a watan Oktoba aka ƙara wasu uku, kuɗin da CBN ya zuba don kada su durƙushe suka kai biliyan 620. Cecilia Ibru ta Oceanic kotu ta ɗaure ta wata shida a 2010, ta kuma sallama dukiyar da aka ƙiyasta wajen biliyan 191. To tambayar da nake yi kullum ita ce, lokacin da ake ba kamfanonin oga da na ƴan uwansa bashin biliyoyi babu jingina ta kirki, ina daraktoci suke? Ai suna nan zaune, suna karɓar alawus ɗin zama, suna sa hannu. Aikinsu fa a doka shi ne su tsaya a madadin masu hannun jari su ce wa manajan darakta a'a idan ya kauce, amma wanda shi ya kawo ka kujerar, shi ke sa hannu a tikitin jirginka, da wane baki za ka ce masa a'a.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu hannun jarin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, don a Agusta 2011 aka karɓe lasisinsu aka mayar da su Mainstreet da Keystone da Enterprise, masu ajiya kuɗinsu ya tsira, masu satifiket kuwa takarda kawai ta rage musu. Wanda kuma ya sayi na GTBank ko Zenith a wancan lokacin ya haƙura ya riƙe, shi ma farashi ya faɗi a hannunsa ba ƙarya, amma bankunan sun tsallake binciken da CBN ya yi a 2009 kuma shekara da shekaru ana biyan shi ribar hannun jarinsa. Kasuwa ɗaya, guguwa ɗaya, abin da ya raba su shi ne yadda ake tafiyar da gidan daga ciki.

Gyara kam an yi, ba za mu ƙi faɗa ba. A 2010 CBN ya ce babu shugaban bankin da zai wuce shekara 10 a kujera, hakan ya sa Jim Ovia na Zenith da Tony Elumelu na UBA suka sauka a shekarar, ko da yake a 2014 duk su biyun sun dawo a matsayin ciyaman, kuma doka ba ta hana ba. Hukumar FRC mai kula da rahoton kuɗi na kamfanoni ta fito da kundin ƙa'idojin tafiyar da kamfanoni na 2018 mai ƙa'ida 28, sai dokar kamfanoni ta CAMA da aka sa wa hannu a Agusta 2020, wadda ta haramta mutum ɗaya ya zama ciyaman kuma shugaban gudanarwa a kamfanin jama'a, ta wajabta daraktoci masu zaman kansu, ta kuma ce mutum ɗaya ba zai zama darakta a kamfanonin jama'a sama da biyar ba. A takarda wallahi babu laifi.

Amma ku duba abin da ya biyo baya. Skye Bank, CBN ya sauya shugabanninsa a 2016, a 2018 ya soke lasisin ya zama Polaris. First Bank, a Afrilu 2021 CBN ya rushe hukumar daraktocinsa yana maganar basussukan na-gida, wato waɗanda aka ba masu faɗa a ji a bankin. Janairu 2024 aka rushe na Union da Keystone da Polaris. A duk waɗannan wa ya ɗauki mataki? CBN ne daga waje da sanda a hannu, bayan ɓarna ta riga ta yi nisa. Shi ya sa ni labarin Cadbury Nigeria ya fi ba ni sha'awa, don a 2006 da uwar kamfanin ta Ingila ta ƙara kasonta ya haura kashi 50, ita ta sa aka binciki littattafai aka gano an kumbura lissafi da sama da biliyan 13, shugaban kamfanin ya tafi. Mai kuɗi a ciki ne ya buɗe ido, ba hukuma ya jira ba.

Mu kuma ƙananan masu hannun jari fa? Ku leƙa babban taron shekara-shekara ku gani. Tun daga ƙofa ake miƙa wa mutum jaka, ciki da lema da ɗan abinci da littafin rahoto mai kauri wanda yawanci ko buɗe shi ba a yi, sai wani daga ƙungiyoyin masu hannun jari ya karɓi makirufo ya yi minti goma yana zuba wa ciyaman kirari, wani ya miƙe ya ce na goyi baya, a ɗaga hannu, an amince da lissafi an amince da albashin daraktoci an sake zaɓen waɗanda wa'adinsu ya ƙare, kowa ya rataya jakarsa ya nufi ƙofa. Da yawa ma ko ribarsu ba sa bi, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ce a 2023 ribar da ba a karɓa ba ta kai wajen biliyan 190, wasu masu ita sun rasu magada ba su ma san da satifiket ɗin ba.

Ni ba na ce kada a saya ba. Amma kafin ka cike fom nemi rahoton shekara na bankin, yana shafinsu na intanet kyauta, ka je wajen da aka jera basussukan da aka ba daraktoci da kamfanoninsu ka ga nawa ne kuma ana biya ko ba a biya, ka duba shekara nawa ciyaman ya yi a wurin, daraktocin da ake kira masu zaman kansu su waye. Sannan dokar CAMA ta ce kwamitin binciken kuɗi na kamfanin jama'a mutum biyar ne, uku daga ciki na masu hannun jari ne, kuma duk mai hannun jari yana da ikon ya rubuta wa sakataren kamfani sunan wanda yake so ya shiga kwamitin, muddin takardar ta isa aƙalla kwana 21 kafin taro.

Sai mun haɗu a sharhi na gaba, a huta lafiya.