Goɗiyar shugaba da kyarkecin Turai

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Garba da Auwal. Malam, kai ka zaɓo mana batun yau, kuma da na ji shi sai da na yi dariya. Kyarkeci? A Turai?

Malam Garba: Yi dariyarki, Hadiza, amma maganar nan ta kai har zauren majalisar Tarayyar Turai. Bari in fara da gyara. Kyarkecin da kakanninmu suka sani karen daji ne mai dabbare-dabbare, na nan Afirka, ya ma kusa ƙarewa a yammacin nahiyar. Na Turai ruwan toka ne, ya fi shi girma. Suna kawai muka ara masa.

Auwal: Ni dai abin da na ji, Malam, wai doki ɗaya ne ya ja masa tsiya.

Malam Garba: Goɗiya ce, irin gajerun nan da muke kira ƙuru. Sunanta Dolly, shekararta 30. A watan Satumban 2022 kyarkeci ya kashe ta da dare a arewacin Jamus. Ashe ta Ursula von der Leyen ce, shugabar hukumar Tarayyar Turai. Har gwajin ƙwayoyin halitta aka yi aka gano kyarkecin da ya yi aika-aikar.

Auwal: Ka ji ko, Yaya Hadiza? Shekara da shekaru talaka na kukan tumakinsa, ba wanda ya waiwaye shi. Ranar da aka taɓa ta manya...

Hadiza: Kai dai da saurin yanke hukunci. Ai ƙungiyoyin manoma sun daɗe suna matsa lamba tun kafin Dolly.

Malam Garba: Gaskiyarki. Sai dai lokacin ya zo daidai yadda bakin mutane ba zai yi shiru ba. Tun 1979 yarjejeniyar Bern, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla don kare namun daji, ta sa kyarkeci cikin dabbobin da ke da kariya mai tsanani, bayan an kusa shafe shi da bindiga da guba da tarko. Kariyar ta yi aiki. A 1992 ya tsallako daga Italiya ya shiga Faransa, a 2000 aka ga ya haihu a gabashin Jamus. Ba wanda ya kawo shi a mota, da ƙafarsa ya zo. Zuwa 2023 sun haura 20,000 a ƙasashen Tarayyar. A Disamban 2024 aka sassauta kariyar, a Mayun 2025 majalisa ta amince.

Hadiza: To ɓarnar nawa ce?

Malam Garba: Lissafin hukumar kanta, dabbobi wajen 65,500 a shekara, yawancinsu tumaki da awaki. Tumakin Tarayyar kuwa sun kai miliyan 60. Ko tunkiya ɗaya cikin dubu ba ta kai ba.

Auwal: Au, ashe hayaniyar ta fi ɓarnar.

Hadiza: A takarda ke nan, Auwal. Je ka gaya wa mutumin da ya fito da asuba ya tarar da tumaki goma sha a kwance, wasu an farke ciki ba a ko ci ba, wasu da sauran numfashi sai ya ƙarasa su da hannunsa. Kyarkeci in ya faɗa garken da ba hanyar gudu, ba ɗaya yake kashewa ba. Waɗanda suka tsira kuma, masu ciki su yi ɓari don firgita. Diyyar da hukuma ke biya kuwa sai an ga gawa, jami'i ya zo ya duba cizon. Wadda ta ɓace a dutse fa? Wa zai biya ta?

Malam Garba: Nan nake so mu zo. Ni a ganina, asalin matsalar kiwon ne ya canza. Kusan shekara ɗari ba kyarkeci a wurare da yawa, sai aka saba sakin tumaki a tsauni ba mai tsaro, a leƙa su jefi-jefi. Ku dubi Bafulatani a ruga. Saboda kura, ga shingen ƙaya, ga kare, ga shi kansa kwance kusa da garke da sandarsa. Su can wannan ɗabi'ar ce ta mutu, sai ga mai haƙori ya dawo.

Auwal: Ba su da karnuka ne?

Malam Garba: Sun dawo da su. A Faransa akwai wani farin kare ƙato, patou suke ce masa. Tun yana ɗan kwikwiyo ake ajiye shi cikin 'yan raguna, ya tashi yana warinsu, yana kwana a tsakiyarsu, har ya ɗauka danginsa ne. Sai shingen lantarki, tsayin santimita 90 zuwa 120. Akwai kuma tsohuwar dabara, igiya da jajayen tsummoki suna kaɗawa, kyarkeci ya yi ta zagaye yana shakkar tsallakawa, har ranar da ya gane tsumma ne.

Hadiza: Duk wannan kuɗi ne da wahala. Shinge sai an bi shi an sare ciyawar da ke taɓa waya, in ba haka ba wutar ta zube a ƙasa. Ƙaton kare yana ci kullum, kuma in ya ciji ɗan yawon buɗe ido, makiyayi za a kama. Mutumin birni na murna daji ya farfaɗo, na ƙauye na kwana a tsaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Auwal: To a harbe su mana, tunda doka ta sassauta.

Malam Garba: Ai ana harbin tun da can. Faransa ta yi shekaru tana ba da izinin kashe har kashi 19 cikin ɗari na kyarketanta a shekara, kuma ba a daina kai wa tumaki hari ba. Wasu masana ma na cewa in ka kashe manyan da ke jagorantar ayarin kyarketai, ƙananan da ba su ƙware da farautar barewa ba sai su koma wa nama mai sauƙi. Ana ta gardama a kai. Wanda ya koyi tsallake shinge, wannan kam a kawar da shi, ba ni da ja. Amma da ni ne mai rabon kuɗin, albashin mai kwana da garke zan fara biya kafin harsashi.

Auwal: Albashi da yuro? Malam, a rubuta sunana.

Hadiza: Kai da ko akuyar Inna ba ka iya ɗaurewa? Mu je hutun rabin lokaci.