Yadda Ake Gyara Tankin Masai Mai Yoyo a Gida

Assalamu alaikum masu kallo. Ku kasa kunne ku ji wannan 'yar ƙarar da ke fitowa daga tankin masai. Ba wanda ya shiga banɗakin tun ɗazu, ba a kora ruwa ba, amma tanki yana ta sha bai ƙoshi ba. Ruwa ne ke tafiya. Idan yoyon ya kai ya cika kofi mai cin kwatan lita a minti ɗaya, a kwana ɗaya lita 360 ke nan, wato jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 har guda 14 da ɗoriya. Tankin sama mai lita 1000 ba zai kai kwana 3 ba. Sai a yi ta zargin yara da ɓarnar ruwa, a yi ta ƙona mai ana kunna sumo, alhali wata 'yar roba ce ta gaji.

Kada ku sayi komai sai kun gano ta inda ruwan yake fita. A nan ake yawan yin asara: a canza kayan ciki gaba ɗaya, a ɗaura, yoyo yana nan daram.

Mu fara da buɗe murfi. In tankin mai hannu ne a gefe, ɗagawa kawai za ku yi. In mai maɓalli ne a sama, yawanci sai an fara kwance zoben da ke kewaye da maɓallin, a juya shi hagu har ya fito. Ku shimfiɗa tsumma a ƙasa ku kwantar da murfin a kai, kada ku jingina shi da bango. Tangaran ne, in ya fashe da wuya a samu murfi shi kaɗai a kasuwa. Kuma kada ku ji ƙyamar sa hannu: ruwan cikin tankin nan ruwan famfo ne, bai haɗu da najasa ba.

Kaya biyu ne ke aiki a ciki. Wannan na gefe, mai ƙwallo ko mai ɗan kofi da ke hawa da sauka, shi ne mai shigo da ruwa, masu gyaran famfo suna ce masa fulot. Na tsakiya shi ne mai sakin ruwa zuwa kwanon masai. Ga kuma bututun ambaliya, wannan mai buɗaɗɗen baki a sama. Aikinsa, in ruwa ya wuce ƙima ya kwashe shi, kada ya malale a ƙasa.

Abu na farko da za ku duba shi ne tsayin ruwa. Ya kamata ya tsaya kamar santimita 2 da rabi ƙasa da bakin bututun ambaliya, faɗin yatsu biyu ke nan ko ƙasa kaɗan. Wasu tankunan ma suna da layi a jikin bangon ciki. In kun ga ruwa ya kai bakin bututun yana gangarawa ciki, mai laifi fulot ne. In ruwa yana ƙasa da bakin amma tanki yana ta sha lokaci zuwa lokaci, ga gwajin da zai raba gardama. Ku rufe bawul ɗin da ke jikin bango, wato makunnin da ke kai ruwa tankin, a juya shi dama har ya tsaya. Ku ja layi da fensir daidai saman ruwa. Ku zuba shuɗin wanki kaɗan ko ruwan zoɓo mai kauri marar sukari a cikin tankin, ku bar shi minti 30 ba tare da an kora ba. In launi ya bayyana a cikin kwanon masai, robar mai sakin ruwa ce ba ta rufewa. In ya bayyana a ƙasa ko a jikin noti, yoyon na waje ne, kuma launin zai nuna muku daidai wurin.

Mu ɗauki fulot tukuna. Ku buɗe ruwa, ku ɗaga fulot ɗin sama da hannu a hankali. In ruwa ya tsaya cak, kayan lafiyarsa ƙalau, saiti ne ya goce. Mai ɗan kofi yana da doguwar sandar roba mai zare a gefensa, ko ɗan maƙalli da ake matsawa. Ku sauke kofin ƙasa kaɗan, ku kora ruwa, ku ga inda zai tsaya. Mai ƙwallo, in hannunsa na roba ne, akwai sukuru kusa da kansa da ake saiti da shi. In na tagulla ne, a riƙe shi da hannu biyu a lanƙwasa tsakiyarsa ƙasa kaɗan, ba a danna shi daga wajen ƙwallon, don kan bawul ɗin fulot, inda ruwa ke shigowa, zai iya karyewa. Ku kwance ƙwallon ku girgiza shi kusa da kunne. In kun ji ruwa a ciki, ya huje, nauyi ya hana shi tasowa, sai sabo.

To in kun ɗaga fulot har ƙarshe amma ruwa bai daina ɗiga ba, matsalar tana cikin kan bawul. Ku rufe ruwa, ku kwance hular da ke samansa. Za ku tarar da wata roba mai faɗi, zagayayya, ita ce ke danne ƙaramin ramin da ruwa ke fitowa. Ku lura da yadda take zaune kafin ku cire ta, ko ku ɗauki hotonta da waya, domin in aka mayar da ita a kife ba za ta rufe ba. A gidajen da ke shan ruwan burtsatse, sau da yawa robar ba ta lalace ba, ƙwayar yashi ce ta maƙale tsakaninta da ramin. Ku wanke ta, ku kifa kofi a kan bawul ɗin, ku buɗe ruwa na daƙiƙa 5 ya watso dattin da ke cikin bututu. In akwai farin gishiri da ya daskare a jiki, ku jiƙa kayan a ruwan khal na awa ɗaya ku goge da tsohon buroshin haƙori. Robar da ta tsage, ko ta bushe ta yi tauri, ko take barin baƙi a yatsa, ta gama aiki.

Idan dole sai sabon fulot, akwai abin da ake mantawa. Yawancin gidajenmu daga tankin sama ruwa ke saukowa, kuma ƙarfin irin wannan ruwan ya dogara ga tsayin tankin. Wanda ke bisa mita 5 yana ba da rabin ƙarfin wanda ke bisa mita 10. Wasu fulot ɗin suna zuwa da wani ɗan abin rage ƙarfin ruwa a cikin gindinsu, an yi shi don ruwa mai ƙarfi. In aka bar shi a gidan da ruwa ba shi da ƙarfi, tanki zai daɗe bai cika ba. Ku tambayi mai kaya na ruwa marar ƙarfi. Ku kuma duba ta ina ruwa ke shiga tankinku, ta gefe ko ta ƙasa, don ba iri ɗaya ba ne. Zaren gindin fulot, inda ake ɗaura noti, yawanci rabin inci ne.

Yanzu mai sakin ruwa, wanda shi ne ya fi ɓoye laifinsa, don ruwan yana bin bangon kwano a hankali ba ƙara. A mai maɓalli, ku rufe ruwa, ku kora don tanki ya zama fanko. Ku kama jikin kayan na tsakiya ku juya shi kaɗan, yawanci hagu, zai fita daga mazauninsa ba sai an sauke tanki ba. Ku kifa shi. Wannan robar mai faɗi da ke gindinsa ita ce ke riƙe lita 6 na ruwa dare da rana. Ku shafa ta da yatsa. In ta yi ƙuraje kamar ƙuna, ko bakinta ya lanƙwashe, ko ta yi zurfin layi inda take zama, ita ce. Ku shafa bakin mazaunin ma, ko yashi ko gishiri ya taru. Ana iya juya robar ta ɗaya fuskar a samu 'yan makonni, amma ba gyara ba ne, lallaɓawa ce kafin a je kasuwa.

In za ku kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko shagon kayan famfo na unguwa, ku tafi da tsohuwar a aljihu. Robobin nan sun bambanta a faɗi da kuma girman ramin tsakiya, bambancin milimita 2 ko 3 ya isa ya hana ta zama. Ido ba ya iya tantance wannan, sai an ɗora sabuwa a kan tsohuwa.

Wani lokaci roba lafiya lau take, maɓalli ne ke danne kayan. A ƙarƙashinsa akwai sanduna biyu na roba. In sun yi tsayi, da zarar an mayar da murfi sai su riƙe mai sakin ruwa a buɗe kaɗan. Alamarsa, yoyo ya tsaya in an cire murfi, ya dawo in an rufe. Ku rage tsayin sandunan ta wajen zarensu. Tankin da mai sakin ruwansa marfin roba ne da sarƙa ke ɗagawa kuwa, sarƙar na bukatar sassauci kamar santimita ɗaya. In ta ɗame, marfi ba zai zauna ba. In ta yi tsayi, za ta shige ƙarƙashinsa.

Tankuna masu hannu da saifon, wato lanƙwasasshen bututun da ke zuƙo ruwa zuwa kwano in an ja hannu, ba su cika yin irin wannan yoyon ba. Nasu ciwon daban ne: sai an ja hannu sau 3 ko 4 kafin ruwa ya sauka, saboda ledar da ke cikin saifon ta yage.

Gargaɗi a nan: kada ku riƙa zuba bilic a cikin tanki da sunan tsabta. Kulorin yana cin roba, shi ke sa ta kumbura. Kuma kada bilic ya haɗu da ruwan khal ko wani abu mai tsami, hayaƙin da suke fitarwa guba ne, balle a banɗaki rufaffe.

Sai yoyon waje, wanda ke jiƙa ƙasa. Ku goge ko'ina ya bushe, ku bi kowace mahaɗa da takardar tishu, daga sama zuwa ƙasa, domin ruwa yana gangarowa ya ɗiga nesa da inda ya fito. In a bakin tiyo ne, inda ya haɗu da gindin fulot, akwai 'yar washa, wato ɗan zoben roba, a cikin notin, ita za a canza. Farin tef da ake naɗa wa zare ba ya maganin wannan wurin, don ba zare ne ke riƙe ruwan ba, washa ce. Ku fara ɗaura notin da hannu. Gindin fulot roba ne, noti ƙarfe ne, in ya hau a karkace zai cinye zaren. Ya shiga da sauƙi, sannan a ƙara masa kwatan juyi da sifana. In kuma daga ramin tankin ne ruwa ke tsattsafowa, ku tabbata robar fulot tana ta ciki, manne da tangaran, noti yana ta waje.

Akwai yoyon da ba ya bayyana sai lokacin da aka kora ruwa. In tankin yana zaune kai tsaye a kan kwano, wannan aikin babbar roba ce mai kauri, mai kama da gammo, da ke tsakaninsu. Dole a sauke tanki. Ku rufe ruwa, ku kora, ku tsane ragowar da soso, ku cire tiyo tare da tara bokiti, ku kwance sukurorin da suka riƙe shi a bango in akwai, sannan notina biyu na ƙasa. In tsatsa ta cinye su, kada ku yi ta kokawa da filaya har tangaran ya tsage. Ku zura bakin zarton ƙarfe ku yanke su. Ku ɗaga tankin a miƙe, ku cire tsohon gammon, ku goge wurin tas, ku sa sabo ya rufe babban notin da ke gindi. Ku sa sababbin kusoshi masu zare, na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, kowanne da robarsa ta ciki tana taɓa tangaran. Wajen ɗaurewa, juyi biyu dama, juyi biyu hagu, a riƙa musanyawa har tanki ya zauna daidai ya daina motsi. Daga nan ku tsaya. Ƙarin juyi ɗaya na neman tabbaci shi ke fasa tanki, kuma tankin da ya tsage ba gam ko siminti da zai riƙe shi, sai dai a canza.

In tankin a bango yake, bututu ya haɗa shi da kwano, ku duba notin da ke sama da kuma robar da ta toshe bakin kwano a baya. Wannan robar turawa kawai ake yi, a jiƙa ta da ruwan sabulu ta shige. Kada a sa mata man inji ko basilin, suna lalata roba. Amma in ruwan daga babban bututun da ke fitar da ƙazanta yake fitowa, mai wari, wannan ba yoyon tanki ba ne, ku daina amfani da masan ku kira mai gyaran famfo.

Bayan kun gama, ku buɗe bawul a hankali, ku tsaya ku ga ruwa ya tsaya a layinsa. Ku kora sau 3 kuna bin mahaɗun da busasshen tishu. Da dare, ku rufe bawul, ku ja sabon layi da fensir, ku shimfiɗa takardar jarida a ƙarƙashin tankin. Da safe ku duba: ruwa yana kan layi, takarda a bushe, sai ku buɗe bawul ku mayar da murfi.