Amsoshin Tambayoyinku: Mata da Barkwancin Batsa a Finafinai

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka daga nan Maradi. Wasiƙar farko daga wata malamar makaranta ce a unguwar Zariya. Ta ce: "Ƙannena na kallon finafinan barkwanci na Amurka a salula, inda mata ke shaye-shaye da sakin baki, maza kuma su ne masu sunkuyar da kai. Yaushe reshe ya juye da mujiya haka?"

To Malama, irin waɗannan finafinai sun daɗe, sai dai a da maza ne ke tabka ta'asar. Mace kuwa ko dai ita ake farauta, ko ita ce mai ɗaure fuska a gida tana jira. The Hangover na 2009 haka yake. A 2011 sai ga Bridesmaids, wanda mata biyu, Kristen Wiig da Annie Mumolo, suka rubuta, ƙawayen amarya ne masu rashin kunyar. Dala miliyan 32 da 'yan kai aka kashe, ya kawo kusan miliyan 290. Attajiran Hollywood kuwa halinsu ɗaya da na babbar kasuwarmu, inda ciniki ke tafiya nan ake baza haja. Shi ya sa irinsu Girls Trip na 2017 suka biyo baya. A ganina alƙalamin ne ya koma hannun mata, su ke tsara abin dariyar maimakon a yi da su. Batsar kam ba ta ragu ba, don haka ki sa ido kan salular yaran nan.

Sai wani matashi daga wata fada a Tibiri, yana cewa ai mu ma muna da namu, tunda marigayi Ibro ya fito a ɗan daudu.

Ƙanena, ba ɗaya ba ne. Idan namiji ya ɗaura zani, ya maƙale murya, yana tafa hannu, wa ake wa dariya? Matan da yake kwaikwayo. Wanda ya fi kusa da tambayar Malama shi ne tashen 'yan mata, inda yarinya ke zumbula babbar riga da hula ta fito a maigida. Faransawa ma sun gwada a 2018 da Je ne suis pas un homme facile: wani mai raina mata ya bugu a ka, ya farka a duniyar da mata ke mulki, shi ake yi wa fito a titi.

Lokaci ya ci mu. Wasiƙar Madarunfa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.